Waiwaye: Gamkalle, ƙauyen da Yamai ta tarar a bakin kogi

A takardun ma'aikatar magajin gari, Gamkalle unguwa ce kamar sauran unguwanni, tana cikin gunduma ta huɗu daga gundumomi biyar na birnin Yamai. Amma wanda ya sauka daga kwalta ya kutsa cikin tsofaffin lungunanta zai gane cewa ba mai awon fili ne ya shata su ba. A karkace suke, nan su buɗe, can su matse har amalanke ta kasa wucewa, domin sawun mutane da na dabbobi masu gangarawa ruwa ne ya fitar da su. Asalinta ƙauye ne na bakin kogin Isa, wanda mutanen Najeriya suka fi sani da Kwara, kuma ta riga birnin da ya haɗiye ta. Duk shekarar da ruwa ya yi ɓarna sai ka ji a fada da cikin taksi ana cewa, "To su wa ya aike su zama a bakin ruwa?" Tambayar tana da amsa, sai dai amsar doguwa ce.

Kafin zuwan Nasara babu birni a wannan gaɓa. Garin da ya yi suna a yankin shi ne Sayi, kimanin kilomita 55 a kudu, garin malamai kuma mashigin fatake. A can ne Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ƙasar Hausa ta sani da Abdulkarim, ya ƙetare kogin a 1853 a hanyarsa ta zuwa Tumbutu. Inda Yamai take yanzu kuwa ƙauyuka ne a warwatse: Gudel daga sama, Gamkalle da Saga daga ƙasa, Lamorde ta Fulani a ƙetare, sai ƴan gidaje na Mawri, dangin Arawa, da na Zabarmawan Kalle kusa da bakin ƙoramar Gunti Yena. Masu riƙe da tarihin baka suna sa Gudel da Gamkalle cikin waɗanda suka fi daɗewa, suna cewa sun girmi ita Yamai ɗin kanta. Har yau Gamkalle kashi biyu ce, Golle da Sebange, kuma ɗan asalin wurin ya san ɓangaren da kakanninsa suka fito ko da yanzu yana zaune a wata unguwa mai nisa.

Irin wannan ƙauye da ƙafa biyu yake tsaye, ɗaya a tudu, ɗaya a ruwa. Da damina a hau jigawa a shuka gero da wake, gonakin suna miƙewa can bayan gari, a bar wasu saura su huta shekaru kafin a dawo musu. Kaka na wucewa a juyo ga kogi: ga kifi, ga shinkafar fadama mai bin ruwa tana tsawo yadda ya ƙaru, ga burgu da shanu ke ci da rani, ga garake na kabewa da kuɓewa a inda ruwa ya janye ya bar laka. In fari ya kashe gero kogi ya rufa asiri, in kifi ya yi wuya rumbu na nan.

Mutanen kuma sun san lokutan kogin sarai. A Yamai sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko ta damina ce, a Agusta da Satumba, jan ruwa mai laka wanda rafukan Goruwal da Dargol da Sirba ke kwasowa daga yamma, daga ƙasar Gurma da Burkina Faso. Ta biyu ita ce babba a wancan zamani: ruwan da ya sauka a duwatsun Gini, ya shiga faffaɗar fadamar Masina a Mali ya bazu, ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, sannan ya iso Yamai cikin sanyin hunturu ya kai ƙarshen cikarsa wajen Janairu. Wannan ruwa ba ya mamayar kowa. Yau ya ƙaru kaɗan, gobe ya ƙaru kaɗan, mai garka yana da sukunin kwashe kayansa, kuma yana zuwa ne sa'ad da sama ta bushe, katangar laka ba ta jiƙe ba. Tsofaffi sun san iyakar inda yake tsayawa a shekarar da ya fi cika, suka kafa gidajensu sama da nan. Abin da ya kamata mai waccan tambaya ya fara sani ke nan: zaman farko na bakin ruwa da lissafi aka yi shi.

Ruwan ma da masu shi. A wajen Zabarmawa da Songai, Sorko su ne iyayen gijin kogi. Su ke farautar dorina da ayu da mashin da ake kira zago, su suka san gurbin da ba a jefa taru, kuma a tsohuwar al'ada su ke da bakin magana da Harakoi Dikko, wadda ake ɗauka uwar ruwa. Daga ƙasa kuma, daga Kabi da Yawuri, Sarkawa masu jin Hausa sukan hauro da manyan jirage bayan kaka, su kafa tunga a tsibiri ko a kan yashi, su yi watanni suna su suna banda, wasu su zarce har Gawo a Mali, sannan su gangara gida da busasshen kifi. Wasu ba su koma ba. Ta ruwa ke nan Hausa ta shigo gaɓar, kamar yadda ta shigo ta tudu tare da fataken da suka kafa Zango. Har yau in ka tsaya inda ake sauke kifi da sassafe za ka ji sunayen da ɗan Argungu zai gane ba tafinta: giwan ruwa, kurungu, tarwaɗa, karfasa, yauni. Kuma baƙon masunci ba ya jefa birgi sai ya gai da masu wuri.

Faransawa sun kafa ƙaramin bariki a Yamai a farkon shekarun 1900. A 1911 suka kai hedkwatar ƙasar zuwa Damagaram, sannan a 1926, zamanin gwamna Jules Brévié, suka dawo da ita Yamai. Dalilansu sanannu ne: ƙarancin ruwan sha a Damagaram, kusancinta da Kano da ke hannun Turawan Ingila, ga kuma kogi da hanyar Dahome zuwa teku. Ba wanda ya shawarci ƙauyukan. Abin da suka fara gani na maƙwabtaka da babban birni shi ne haraji da aikin tilas, har zuwa 1946 da aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka. Duk da haka garin ƙarami ne. A 1960, shekarar samun ƴancin kai, mutanen Yamai wajen 30,000 ne, Gamkalle kuma tana nan ƙauyenta a gefen gari. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan ɗaya. Tsakanin waɗannan shekaru biyu ne gonakin suka tafi.

Birni a kan tudu yake girma, tudun kuwa shi ne gonakin. Dubi abin da aka ɗora a bayan Gamkalle da Saga: barikokin soja, unguwar masana'antu, filin sukuwa, filin jirgin sama can gaba, sannan unguwanni irin su Talaje da suka tashi a inda ake noman gero. Daga 1965 aka soma dasa dogon yaro a kewayen birnin don tare iska da ƙura, shingen itatuwan nan da aka tsara zai kai hekta 2,500. Shi ma a gonakin ƙauyukan kewaye aka dasa shi, kuma rigimar mallakarsa ba ta mutu ba har yau. Dokar da Faransawa suka bari ta ce ƙasar da ba kowa a kanta, wadda ba ta da mai ita, ta gwamnati ce. To saura fa? Gonar da aka bari ta huta shekara biyar a idon mai awo daji ce, alhali mai ita ya san ranar da zai dawo mata da kuma ɗan da zai gaje ta. A shekarun farko da yawa sun rasa gona ba ko dala. Daga baya aka shigo da tsarin ba masu gona wani kaso na filayen da aka yanka a ƙasarsu. Ya fi babu. Amma gona kowace shekara take ciyarwa, fili kuwa sau ɗaya ake sayar da shi, a yi aure ko a je Makka ko a biya kuɗin likita, shi ke nan. Akwai ma lokacin da gwamnati ta riƙa biyan ma'aikata bashin albashinsu da filaye, abin da ya ƙara wa yankan gonakin gefen birni sauri.

Mutanen Gaweye sun ga abin da ya fi haka. Tsohuwar unguwa ce a bakin ruwa, dab da inda gadar Kennedy ta sauka, gadar da aka buɗe a 1970 ta maye gurbin jirgin fito. Da kuɗin yuraniyom suka shigo, zamanin Saini Kunce, aka tashe ta don a gina babban otel da zauren taro, aka kai mutanen ƙetaren kogi. Otel ɗin ya riƙe sunan, su ma suka tafi da sunan zuwa sabon mazauninsu. Mutanen gaɓa ba su manta wannan ba. Shi ya sa in hukuma ta zo da maganar tashi "don lafiyarku", sukan fara duban wanda zai gaji wurin.

Ita Gamkalle ba a tashe ta ba. Aiki aka kawo mata, irin aikin da birni ke buƙata amma ba ya son gani a ƙofar gidansa. A 1967 aka gina babbar mayankar Yamai a kan hanyar bakin kogi ta Gamkalle. Inda mayanka take nan mahauta suke, fawa kuwa a Yamai sana'a ce da Hausawa suka yi kaka-gida a cikinta. Inda ake fiɗa kuma dole a sami majema, su ma galibinsu masu jin Hausa. Majemar tana nan a gangare, kuma wanda bai taɓa ganin aikin ba ya kamata ya je ya gani da idonsa. Fatar akuya ko ta tunkiya a jiƙa ta, a sa ta a ruwan toka har gashi ya saki, a shimfiɗa ta a kan gungume a kankare, a bi ta da fataka ko kashin tattabara don ta saki jiki, a wanke, sannan a tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa, a yi ta murzawa ana juyawa kwana da kwanaki har ta sha. Sai shanya, sai shafa mai, sai ja da miƙarwa har ta yi laushi. Mai son ja ya sa karan dafi. Aiki ne na tsayuwa cikin ruwa tun asuba, hannu ya dafe, ƙafa ta tsage. Jakar da baƙo ke saye a gidan tarihi na Bubu Hama ko a wajen masu sana'ar hannu na Wadata, da takalmi da kube da laya, da yawansu daga irin waɗannan ramuka fatarsu ta fito, amma baduku ake yaba wa, ba a tuna majemi.

Sai in ana neman wanda za a ɗora wa laifin ɓata ruwa, nan ake tuna shi. Gaskiya ne abin da ke fita daga ramukan jima kogi yake shiga. Amma magudanan birni duka, da ƙoramar Gunti Yena da ta zama lambatun rabin gari, da ruwan masana'antu, su ma nan suke gangarowa, kuma Gamkalle da Saga ƙasa da birni suke. Ruwan da Yamai ke sha daga sama ake ɗebo shi, wajen Gudel da Yantala, kafin ya taɓa dattin gari. Wanda ya rage bayan gari ya gama da shi, shi ke wucewa ta gaban mai garka da mai wanki da yaron da ke iyo. Ni a ganina duk maganar tsabtar gaɓa da ta fara daga kan majemi, ta fara ne daga kan wanda ya fi kowa rauni.

Garaken ma sun sauya. Da kabewa da kuɓewa ne na ci a gida, yanzu salati ne da shu da karoti da zogale don kasuwannin birni, ana ban ruwa da inji. Ƙasar ta ƴan gari ce, amma hannun da ke aikin sau da yawa na ɗan cirani ne, daga Doso ko Dogonduci ko Tawa, ko daga Burkina, wanda ya zo bayan girbi ya kama ɗaki shi da ƴan garinsu, zai koma in hadari ya fara haɗuwa. Gidan da a da yake da turke da rumbu, an jera ɗakunan haya a filin, an zuba ƙananan sojoji da leburorin masana'antu da ƴan ga-ruwa. Da wannan haya gidaje da yawa ke sayen geron da kakanninsu ke nomawa. A cikin gida Zabarmanci, a bakin ruwa da wajen ciniki Hausa, yara kuma suna tashi da duka biyun ba su san lokacin da suka koya ba. Baƙon da ya shekara talatin a nan, ya aurar da ƴaƴa a nan, in maganar fili ta taso har yanzu baƙo ne. In rasuwa ce ko suna ko gobara kuwa, ba a tambayar asalin kowa. Maigari yana nan, ana kai masa ƙarar iyakar garka da rikicin haya kafin a je kwamisariya.

Sai kogin da kansa ya juya. Farin 1973 da 1974 ya rage shi, na 1984 ya kusa ƙarasa shi, shekarar da Hausawan Nijar suka sa wa suna El Buhari saboda yunwar ta haɗu da rufe iyakar Najeriya. A watan Yuni na 1985 kogin ya daina gudu a Yamai. Aka yi datsin gaggawa don birni ya sami na sha, daga baya aka gina na dindindin a Gudel. Burgu ya ƙone a wurare da yawa, manyan kifaye suka yi ƙaranci, masunta suka koma ga taru mai ƙananan idanu da ke kwashe har ƴaƴan kifi, abin ya ƙara tsananta. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 wata baƙuwar kainuwa mai shuɗin fure ta mamaye gaɓa, tana toshe hanyar jirgi da bakin injin ban ruwa.

Ɓarnar farin da ta fi daɗewa kuwa a tunanin mutane ta zauna. Shekara ashirin da wani abu kogin bai kai tsohuwar iyakarsa ba. Aka haifi yara suka girma ba su taɓa ganin ruwa a fadamar da kakanninsu ke kira hanyar ruwa ba. A daidai lokacin ne yunwa ke koro mutane daga karkara zuwa Yamai, gada ta buɗe ƙetare, jami'a ta zauna a can, kowa na neman inda zai kafa ɗaki. Masu ƙasar da aka raba da gonakin tudu ba abin da ya rage musu na sayarwa sai gangare da fadama, suka sayar. Talaka ya saya don nan ne kuɗinsa suka kai. Wasu filayen ma da takardar hukuma da hatimi aka raba su. A nan dole a faɗi gaskiya ko da ta taɓa ƴan gari: akwai gidajen da aka gina a tsakiyar hanyar ruwa, kuma wanda ya sayar ya fi wanda ya saya sanin haka.

A Saga an bi wata hanya. Tun shekarun 1960, da taimakon ƙwararru Sinawa, aka kewaye fadamar da datsi aka mai da ita gonakin shinkafa na ban ruwa, ana girbi sau biyu a shekara. Daga 1978 hukumar gonakin ban ruwa ta gwamnati, ONAHA, ta karɓi kula da irin waɗannan gandaye, manoma kuma suna cikin ƙungiyar haɗin kai, suna biyan kuɗin ruwa da na gyara bayan kowane girbi. Shinkafar ta ciyar da gidaje masu yawa, ba mai musun wannan. Sai dai fadamar da aka killace ita ce inda kogi ke bazuwa in ya cika, ita ce kuma inda kifi ke shiga ya yi ƙwai. An matse shi ta nan, an matse shi ta ƙetare wajen Kirkisoi da Lamorde, ga yashin da ƙoramu ke zubowa yana cike cikinsa shekara da shekaru.

Da ruwan sama ya fara dawowa, kogin da ya dawo ya sha bamban da wanda aka sani. A ƙasashen da Sirba da Dargol da Goruwal ke ratsawa an sare itatuwa, an nome saura, fari ya kashe ciyawa, ƙasa ta yi fako. Ruwan da a da yake nutsewa yanzu gudu yake a kai, ya tattaru cikin ƴan kwanaki ya faɗo kogi. Masana da ke auna kogin a Yamai, inda cibiyar nazarin yanayi da ruwa da noma ta AGRHYMET da hedkwatar hukumar ƙasashe tara masu raba kogin suke, sun nuna cewa jan ruwan damina, wanda a da shi ne ƙarami, yanzu yakan zarce na Gini. An gani a Agustan 2010. Aka sake gani a Agustan 2012, ya karya datsi ya shiga unguwannin ƙetare da gonakin shinkafa. A Satumbar 2020 ma'aunin Yamai ya kai santimita 700, alhali 620 ne matakin jan gargaɗi, cikar da ba a taɓa rubuta irinta ba tun da aka fara awo. Datsin Lamorde ya ɓalle, shinkafar Saga ta nutse, garaken gaɓa suka tafi. A Agustan 2024 ma ruwa ya yanke manyan hanyoyin shiga Yamai na ƴan kwanaki.

Jan ruwa ba shi da halin na hunturu. Cikin kwana biyu uku yakan yi hawan da wancan ke ɗaukar makonni kafin ya yi. Yana zuwa ne lokacin da katangun laka suka riga suka sha ruwan sama, kuma ruwan da ke gangarowa ta baya daga kwalta da rufin kwanon birni ba ya samun mafita, tunda kogin da zai karɓe shi ya cika ya tumbatsa. Gida sai ruwa ya ci shi gaba da baya. In ya janye kuma sai sauro da masassara da gudawa. Ilmin da tsofaffi suka gada game da iyakar ruwa daidai yake a kan kogin da suka sani, amma bai tanadi wannan ba.

Abin da hukuma ke yi kusan iri ɗaya ne kowace shekara: a kwashe mutane zuwa azuzuwan lakwal, a raba shinkafa da tabarmi da gidan sauro, in komawa karatu ta ƙarato a Oktoba a nemi inda za a kai su. Bayan ambaliyar 2012 an ba iyalai masu yawa filaye a Seno, can kan tudu a ƙetaren kogi. Da yawa sun dawo. Ana kiran wannan taurin kai, ni ban ga taurin kai a ciki ba. Masunci ba zai bar jirginsa a bakin ruwa ya je ya kwana nesa da shi ba. Mai garka da asuba yake ban ruwa, majemi in ba ruwa ba jima, matar da ke soya kifi ko sayar da kwaɗon zogale masu sayenta suna nan inda ta saba zama. Fili a tudu, nesa da kasuwa, ga kuɗin kabu-kabu na zuwa da dawowa kullum, ba ya maye wannan. Ga kuma abin da mutanen gaɓa ke gani da idonsu: ana ce wa mai ɗakin laka nan hanyar ruwa ce, amma gidajen siminti da wuraren shaƙatawa suna ƙaruwa a bakin kogin, domin a Yamai ta yau fili mai kallon ruwa ya yi daraja. In wuri haɗari ne, haɗari ne ga kowa. In kuma ana iya kare shi da datsi mai ƙarfi da magudanai, to waɗanda aka tarar a wurin su suka cancanta a fara karewa. Wanda ya zama dole ya tashi kuma, a biya shi diyyar sana'arsa, ba ta bango kaɗai ba.

Fatan da aka daɗe ana rataya wa komai shi ne madatsar Kandaji, kimanin kilomita 180 sama da Yamai, kusa da Ayoru. Tun shekarun 1970 ake maganarta. Tanja Mamadu ya aza harsashi a 2008, kamfanin Rasha da aka fara ba aikin bai yi nisa ba aka karɓe a 2013, a 2019 Isufu Mahamadu ya sake ƙaddamar da shi a hannun wani kamfanin Sin, sannan ya sake cin karo da tsaiko bayan juyin mulkin Yulin 2023 da masu ba da kuɗi suka janye hannu. In an gama, za ta ba da wutar megawat 130, ta shayar da hekta 45,000, ta kuma hana kogin sake ƙafewa da rani kamar a 1985, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai garka da masunci. Amma Dargol da Sirba ƙasa da Kandaji suke shiga kogi, tsakaninta da Yamai, don haka ruwan da suke kawowa a Agusta ba zai bi ta ƙofar madatsar ba. Maganinsa yana can inda yake tasowa: gyaran fako, jera duwatsu a gangare, haƙa ramukan rabin wata, barin itace ya tofo a gona kamar yadda manoman Maraɗi da Damagaram suka yi, da ƙananan madatsu a kan ƙoramu. Yawancin wannan ƙasa kuwa tana yankin iyakoki uku ne na Nijar da Mali da Burkina, daga Tera da Goteye zuwa cikin Burkina Faso, inda rashin tsaro ya kori manoma da yawa daga gonakinsu, ya kuma hana malaman gona da masu awon ruwa zuwa.